Kayan tashe da na bikin lekol: yadda zaki haɗa wa yaro da abin da ke cikin gida

Duk shekara haka ake yi mana a nan Garwa ta arewacin Kamaru, ana shiga satin farko na Fabrairu sai yaro ya dawo daga lekol, wato makarantar boko, da 'yar takarda a jaka wai madam malamarsu tace ranar Alhamis kowa yazo da kayan gargajiya saboda satin matasa kafin defile, wato faretin ranar matasa 11 ga wata, ko kuma an bashi rawar da zai taka a wasan kwaikwayo, shi ne lamido, ko shi ne tsoho, ko ita ce mai tallan nono. Kwana uku kacal aka baki. Tela kuma layi ne a shagonsa, musamman 'yan shekarun nan da azumi ya matso kusa da Fabrairu ɗinkin sallah ya riga ya fara taruwa. Azumin ma yana kai kwana 10 yaran unguwa zasu fara maganar tashe, nan ma kaya ake so. Ni dai abin da yake min ciwo shi ne inga uwa ta ci bashi ko ta taɓa kuɗin cefane dan kayan da za'a sa na yini ɗaya, wanda kafin baɗi ma sun yi wa yaron kaɗan.

Abin da na gane bayan shekaru ina yi wa nawa da na maƙwabta shi ne yaro ba kaya masu tsada yake nema ba, so yake in ya fito a gane shi, a ce kai ga tsoho nan, ga dogari nan. Kuma alama ɗaya ce ko biyu ke sa a gane. Gemu da sanda sun isa tsoho. Rawani ya isa sarki. Ƙwarya da faifai sun isa mai nono. To ki zuba ƙarfinki a kan wannan alamar, sauran jikin kuwa kayan da yake dasu a gida ma sun wadatar.

Ki fara da tara kaya tun kafin ki san me zaki yi. Kije wajen telan unguwarku ki roƙi guntayen yadin da yake sharewa, yawanci a buhu suke tarawa kuma da wuya ya karɓi kuɗi in dai kina masa ɗinki. Mai shago ki karɓi kwalin sabulu ko na makaroni, mai kauri wanda bai jiƙe ba. Buhun shinkafa ko na sukari ki wanke ki shanya, amma banda buhun siminti da na takin zamani dan Allah, ƙurarsu tana cin fata ko an kakkaɓe. Auduga kuwa mu mutanen Garwa bamu da uzuri, garin kamfanin auduga Sodekoton muke, lokacin sayen auduga ne ma daidai wannan rani, duk wanda ke da ɗan uwa a ƙauye zai samo miki cikin hannu biyu, in babu ki farke tsohon matashi. Sai tsohon mayafi, tsohon zanen gado, kara na dawa, takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi ko biskit. Abin da zaki saya da kuɗi bai wuce lastik, zare da allura da fil mai kulle ba. Ni bara yara uku na haɗa wa kuma ban kai sefa 1500 ba.

Abin manni ma ba sai kin saya ba. Ki samu garin rogo ko sitaci cokali 1 ki dama da ruwan sanyi cokali 5 har ya daina gudaji, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa ba tsayawa, zakiga ya fara kauri yana sheƙi kamar kokon da ake sa wa shadda, sai ki sauke ki barshi ya huce. Yana kama kwali da takarda da ƙyalle sosai in kin danne da dutse ko turmi kin barshi ya kwana. Ƙaro ma yana yi, wanda malamai ke sa wa tawada, ki jiƙa shi da dare da ɗan ruwa da safe ya narke. Abu ɗaya dai, wannan koko abinci ne ga kyankyaso da ɓera da gara, in kin gama aiki ki rataye shi sama kar ki barshi a ƙasa.

Bari in fara da gemu tunda shi aka fi nema kuma shi aka fi ɓatawa. Shekarar farko da na yi wa babban ɗana, audugar na manna kai tsaye a haɓarsa da koko, yayi kyau a tsakar gida, amma kafin su kai ƙarshen layi gumi ya jiƙa ta rabi ya zube, yara suka yi ta dariya ya dawo yana kuka, har yau in na tuna raina baya daɗi. Tun daga ranar ban sake manna komai a fatar yaro ba. Yadda ake yi shi ne ki yanki farin ƙyalle daga kunne zuwa kunne ta ƙarƙashin baki, siffar jinjirin wata amma tsakiyar ta sauko kamar taƙi ɗaya. Ki barbaza audugar ki cire 'ya'yan, ki ja ta tsawo tsawo, ki fara jerawa daga ƙasa zuwa sama kowane layi yana rufe kan na ƙasansa kamar yadda ake jera bunu a jinka, kina kama kowane layi da allura da zare. Ɗinki yafi manni a nan. Sai ki sa lastik ta bayan kai ta saman kunnuwa, ba ta wuya ba. In kina so ya yi furfura mai ɗan duhu ki shafa masa toka kaɗan da hannu. Gira ma haka, 'yar auduga a ɗinke a bakin hula ta leƙo. Daga nan sai tsohuwar rigar babansa, a cusa ɗan matashi a baya a ɗaure da ɗankwali ya zama doro, sandar kara ko ta darbejiya, da tabarau na kara wanda yaran ma sun fi mu iya yi, ki barsu su yi da kansu. In malam ne zai zama sai a ƙara allo da gafaka ta kwali da carbi.

Rawani shi ma akwai dabara. Kar ki naɗa wa yaro rawani a kai yadda manya ke yi, yana tsalle biyu ya warware ya bi ƙasa. Ki samu tsohuwar hularsa mai ɗan tauri, in babu ki yanki kwali mai faɗin yatsa huɗu ki zagaya kansa ki bar wurin yatsa ɗaya dan kar ya matse ki ɗinke. Ki kifa wannan hular a kan ƙwarya ko tukunya, a nan zaki naɗa farin mayafin kina murɗawa kina zagayawa, duk zagaye ɗaya ki soka allura ki kama shi da hular a wuri uku ko huɗu. Ki bar jela ɗaya mai tsawo da zata bi ta ƙarƙashin haɓa ta koma ɗaya gefen, amawali kenan, ki kama ta da fil mai kulle yadda zai iya saukewa in zai sha ruwa. Yanzu rawanin ya zama kamar hula, a sa a cire. Alkyabba kuwa zanen gado ne ko labule, ki ninka gefen sama ki zura lastik ko ki kama shi a kafaɗun riga da fil, ki bi baki da takarda mai ƙyalli ko guntun leshi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar lamido ranar sallah ya san ba a ganin sarki shi kaɗai, to ki ba ƙanensa laimar gida ya riƙe masa, wani kuma mafici, nan take abin ya cika ido. Dogari jan ƙyalle ne da kore, ko tsohuwar riga ce ki ɗinka mata faci ja da kore manya manya, jan rawani, da bulalar igiyar rama mai laushi wadda bata ciwo.

In babu babbar riga kwata kwata ga hanya mafi sauri, ko wadda bata iya ɗinki ba zata yi. Ki auna daga kafaɗar yaro zuwa tsakiyar ƙwaurinsa, ki ninka wannan tsawon biyu ki yanki yadi, ki ninke shi a tsakiya, ki yanke wuya a kan ninkin. Wuyan ki fara da ƙarami ki gwada, ana iya ƙarawa amma ba'a iya ragewa. Gefe da gefe ki ɗinke daga ƙasa ki bar hannu a buɗe. Da gawayi ko biro ki zana aiki a ƙirji. Fari in kika yi haka kika ƙara maɓalli da aljihu ya zama rigar likita, abin sauraren ƙirji kuwa tsohuwar wayar caja ce da marfin kwalba.

Amma wanda yara suka fi so a gidanmu doki ne, saboda fantaziya, wato hawan dawakin da suke gani ranar sallah da ranar ƙasa 20 ga Mayu. Yana cin lokaci kaɗan amma wallahi ya cancanta. Ki samu kwali mai ɗan tsawo wanda yaro zai shiga ciki ya tsaya, ki cire gindin gaba ɗaya, saman ki rufe ki huda rami daidai ƙugunsa. Igiya biyu ta ƙyalle mai faɗi zasu riƙe kwalin daga kafaɗa, ki gicciya su a baya dan kar su zame, kuma inda igiyar ta shiga kwalin ki ƙara masa wani guntun kwali ta ciki in ba haka ba nan zai fara yagewa. Kan dokin ki zana a kwali biyu iri ɗaya da wuyansa, ki manne su tare, ƙasan wuyan ki buɗe shi gida biyu kamar ƙafa ki manna ki ɗinke a gaban akwatin. Geza da wutsiya ki warware zaren buhu ki ɗaure tufka tufka. Sai kwalliya, nan ne guntayen tela ke aiki, jalala ta jan ƙyalle a baya, linzami da ragama na igiya, tuntaye a goshi, ƙasa kuma ki zagaye da zane ya sauko zuwa gwiwa ya ɓoye ƙafafun yaron. In kin jera guntayen atamfa murabba'i murabba'i kala kala sai ya yi kamar lifidi. Ƙara kuma gwangwanin tumatir ne da tsakuwa a ciki, ki bubbuge bakin da guduma ki naɗe shi da ƙyalle saboda kaifi. Kar akwatin ya wuce gwiwa, yaro sukuwa zai yi dashi ba tafiya ba.

Na 'yan mata ya fi sauƙi dan yawanci kayan suna cikin akwatinki. Mai nono zane ne da 'yar riga, ƙwarya ƙarama da faifai da ludayi, gammo na ɗankwali, kuma ki ɗaure ƙwaryar da siririn lastik ta ƙarƙashin haɓa ki barta babu komai ciki. Tsakiya, wato duwatsun wuya, ki yi da takarda, ki yanki shafin tsohuwar kalanda siriri mai tsini ki naɗe a tsinken tsintsiya da ɗan koko, in ya bushe ki zare ki jera a zare. 'Yan kunne manya na kwali da takarda mai ƙyalli a rataya su da zare a kan kunne. Gwaggo ko kaka kuma goyon 'yar tsana, zane biyu, sanda da ɗan lefe. Wata shekara 'yata tace ita tutar ƙasa zata zama, ƙyalle uku na haɗa kore ja da rawaya a tsaye, tauraro ɗaya rawaya na kwali a tsakiyar jan, shikenan.

Dabbobi ba sai na daɗe ba. Zaki da'irar kwali ce da aka huda wurin fuska aka zagaye da zaren buhu ko guntayen rawayan ƙyalle, in ya sa rigar ƙwallon Kamaru ma an gama tunda zakuna ake kiran 'yan ƙwallonmu. Giwar gandun dajin Waza kunnuwa biyu ne manya na kwali a jikin lastik da hanci na tsohuwar safa cike da tsumma. Dorinar kogin Binuwai ma an taɓa roƙona, baki ne kawai babba da haƙora na ɓargon kara.

Maganar kala kuma, gawayi baƙi, alli ko farar ƙasa fari, kurkur rawaya, shuni ko bular wanki shuɗi, jar ƙasa ja. Folere, wato zoɓo, yana bada ja mai kyau a kan takarda amma a yadi yakan dushe ya koma kamar toka toka, kar ki dogara dashi. Ki kwaɓa kalar da ɗan ƙaro sai ta zauna a kwali bata bin hannu. A fuska kuwa ni abu biyu kawai nake yarda dasu, garin gawayi mai laushi da aka kwaɓa da man kaɗe, da hoda ko alli, suma nesa da ido, kuma ki ɗan shafa a hannunsa tun jiya ki gani ko zai yi ƙaiƙayi. Dan Allah kar a fasa batir a ɗebi baƙin ciki, yara suna yi in ba'a hana su ba kuma guba ne. Fentin mai na gini ma a'a, sai da kananzir yake fita. Lalle yana kwana da kwanaki bai goge ba, baƙin lallen nan kuma da ake haɗawa da rinin gashi yana sa wasu fata ta kumbura ta yi ƙuraje. Kwalli ma wani yana da dalma a ciki, ban ga dalilin zana wa yaro gashin baki dashi ba alhali ga gawayi.

Yanzu abin da yafi duk na baya muhimmanci a wurina, wuta. Auduga da zaren buhu abokan wuta ne, tartsatsi ɗaya ya isa, zaren buhu ma narkewa yake ya manne a fata. Tashe da dare ake yi, ana bi ta gaban masu suya da masu shayi da masu makala, wato fanke, ana shiga gidaje murhun gawayi na tsakar gida a kunne. Yaro mai gemu baya riƙe aci-balbal ko kyandir ko fitilar ƙwai, tocila kawai. Ki zaunar dashi ki faɗa masa in wani abu ya faru ya fizge gemun ya yar, shi yasa nace lastik, dan ya fita da ja ɗaya. Leda kuma bata shiga kai ko da an huda ido, igiya bata zagaya wuya. Fuska ma kar a rufe ta gaba ɗaya, ga zafi ga ƙura, kuma halin tsaron da muke ciki musamman can wajen Marwa ba'a son mutum ya rufe fuska cikin taro ko yaro ne. Haka kayan soja ko na jandarma da bindigar roba, ni bana yi, hukuma bata wasa da yadin soja a jikin farar hula.

Sai moto, wato babur. Kusan duk yaranmu a kilando, wato babur ɗin haya, ake kai su lekol, doguwar riga ko jelar rawani ko alkyabba in ta shiga ƙafar moto Allah dai ya kiyaye. Ki sa kayan a leda ko jaka a sa masa in an isa, in dole sai ya tafi dasu a jiki ki tattare rigar ki cusa masa a tsakanin cinyoyi ki kuma gaya wa mai moton. Masu yawon dare kuma ya kasance da fari a jikinsu dan masu abin hawa su hango su, kuma da babba ɗaya a tare dasu.

Zafin Garwa ma ki sa shi a lissafi. Fabrairu da safe da ɗan sanyi amma kafin azahar rana ta buɗe, Maris da Afrilu kuwa ba'a magana. Yaro zai tsaya a fili awa biyu ko uku yana jiran layin lekol ɗinsu, kar ki jibga masa riga uku. Singileti ɗaya a ciki ta isa, takalmi kuma wanda ya saba dashi. Ki tambayi kanki in fitsari ya kama shi zai iya shi kaɗai? In sai an kwance fil shida to ki sake dabara.

Akwai wani abu da ni dai na daina, kwaikwayon kuturu ko makaho ko gurgu. Na san tsohon wasa ne mun tashi mun tarar, amma a layinmu akwai mai irin wannan lalura kuma yaran ƙofar gidansa zasu bi. Haka in an ce yaro ya yi shigar wata ƙabila, Mbororo ko Tupuri ko Kotoko ko Gbaya, ki shiga gidan maƙwabciyarki 'yar ƙabilar ki tambaye ta yadda ake ɗaurawa, sau da yawa ma ita zata ara miki abin wuya ko zanen da kanta ta kuma ɗaura wa yarinyar.

Ki gama komai kwana ɗaya kafin ranar, da yamma ki sa masa duka ki ce ya yi gudu zuwa zaure ya dawo, ya yi tsalle, ya tsuguna, ya zauna a ƙasa. Duk abin da zai faɗi a nan zai faɗi, sai ki ƙara ɗinki. Ki sa masa fil biyu da ɗan zare a aljihu ko ki ba madam. In an dawo ki cire lastik da fil ki adana, gemu da rawani ki sa a leda ki ɗaure ki jefa ganyen darbejiya busasshe a ciki ki rataye, dokin kuma ki barshi a hannunsu dan ba zai kai sati ba sun sukwane shi, amma kan da jalalar ki cire tun da wuri, baɗi sabon kwali kawai zaki nema wa ƙanensa.